Mai Tsaron Bayanmu

Jiya a tashar Kalgo wani ya busa usur, sai kawuna ya faɗo mini a rai. Ɗan wasan hoki ne, ƙwallon nan da ake bugawa da sanda, mai tsaron baya, kafin ya koma horar da mu. Ko kasuwa za mu, ba ya shiga gaba. "Ku tahi, ina bayanku," yake cewa, yana jan ƙafar da sandar wasa ta lalata. Haushi nake ji, don kullum sai ya sa mun makara.

Ranar da muka kai shi makwancinsa a Gwandu, shi ne a gaba. Sau uku ina waiwayawa ko zan ji jan takalminsa. Shiru.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya tsare mana bayan da ka bari a buɗe.