Babura a Zauren Gidanmu

Ko zan manta da komai, ba zan manta da yammacin da ni kaɗai, da 'yar wayata, na kori rabin ƙauyenmu zuwa cikin gonakin dawa ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna, dariya da faɗuwar gaba tare suke zuwa mini.

Ƙauyenmu yana can gefen Randagi, kusa da daji. Duk wanda ya san yankinmu ya san ƙarar babura masu yawa ba abin tsayawa tambaya ba ce, gudu ake yi.

Bikin ƙawata ya matso, ƙawaye suka ɗora mini zaɓen waƙar da za mu yi rawa da ita, wai ni ce na gama sakandare, ni na san kan waya. Ni ma na yarda da hakan, har da yanga. Yayana ya aro mana babbar sifika, muka haɗa ta da wayata ta bulutut, ba igiya, da safe don gwaji, aka bar ta a zaure a kunne, na manta da ita.

Bayan la'asar na buɗe manhajar waƙoƙi ina ta duba bidiyoyi. Wannan kayanta ba su yi ba, wannan rawarsa ta yi rashin kunya, Inna za ta kashe ni. Can na danna wani, ya tsaya yana ta juyi. A gidanmu sabis a kan katanga kawai yake, sai na ɗora wayar a can na koma tankaɗe.

Ashe mawaƙin da ayarin babura ya buɗe bidiyonsa.

Ƙarar ta taso daga wajen zaure, ta cika unguwa. Wata maƙwabciya ta yi salati ta ce, "Sun shigo." Ban san lokacin da na fizgi wayar na bi ta ƙofar baya ba. Mata da goyo, maza ba takalmi, kowa ya nufi gona. Ina yin nisa ƙarar ta ɗauke, muka ce ai sun kashe baburan ne, sun fara shiga gidaje.

Muna kwance cikin dawa Inna ta riƙo hannuna.

"Ina Kaka?"

Kakarmu ƙafa ta daɗe da hana ta tafiya sai da sanda. A gindin rumbu na bar ta, na wuce ta gabanta da gudu ko waiwaye ban yi ba. Inna ta yunƙura za ta koma, ga jariri a bayanta. Na ce, "Zauna, Inna, ni zan je." Bakina ne ya faɗa, ƙafafuna ba su amince ba.

Da rarrafe na isa bayan gida, ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci. Na ciro wayar zan kira yayana, yatsana ya taɓa fuskarta. Sai ga kiɗa ya ɓarke daga zaure, wani yana rera wa masoyiyarsa kalamai. Na dubi wayar da ke hannuna, ga mawaƙin nan ya sauka daga babur yana karkaɗa kafaɗa.

Na shiga na sami Kaka ta ja jiki ta jingina da rumbu, ta gyara lulluɓinta, carbi a hannu.

"Ke ce? Na zaci su ne."

"Kaka, ba kowa. Wayata ce."

Ta daɗe tana kallona. "To kashe mana, 'yar boko. Na gama kalmar shahada, ki bar ni in huta."

Na durƙusa na fashe da kuka, tana shafa kaina tana cewa ai ta ga wucewata, ba ta san ina da gudu haka ba.

An yi mini faɗa, an yi mini dariya, mai unguwa ma sai da ya aiko. Duk wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne yadda na same ta, zaune ita kaɗai ta shirya wa mutuwa. Tun daga ranar na koyi cewa idan gudu ya kama, kafin in nemi ƙofa, in fara duba wanda ba zai iya tashi ba.