Keziya Ta Uku

Idan ana lissafa waɗanda suka fara sare dajin nan, surukina Yotam Bikford ake fara ambata. Jikokinsa sun bazu har bayan tsaunuka, kowa kuma ya san 'ya'yansa maza. Ni labarin mace ɗaya zan bayar, yayar mijina. Mun yi shekaru muna girki a murhu ɗaya, yanzu kuma ban ga wanda ya rage da zai faɗa ba.

Baba Yotam ya taso ne daga wani gari na bakin teku, a nan New Hampshire, tun muna ƙarƙashin Sarkin Ingila. Ya zo da gatari, da saniya guda, da matarsa Hulda. Filin da ya samu a bakin kogi ba duka ne daji ba. Akwai gefen da ya tarar a share, har da tsofaffin kunyoyin masara. A gidan nan ba a tambayar ko waɗanne 'yan asalin ƙasar ne suka share shi. Ya gina ɗaki da gumagumai, ya yi ta tono duwatsu daga gona yana jera su katanga.

'Ya'ya biyar suka haifa a wannan ɗakin: Natan, Keziya, Ebeneza, Dorkas, da ƙaramin da ya ci sunan uban. Keziya sunan mahaifiyar Baba ne, wadda ya baro kabarinta a bakin teku. An ce yarinyar tana da jan gashi da zaƙin murya, tun tana shekara biyar take karanta Zabura. Ita ke kai wa Baba ruwa gona, ta zauna kan kututture tana yi masa waƙa yana sara.

Sai ciwon maƙogwaro ya shigo garin, a hunturun 1736. Kafin ƙanƙara ta narke ya ɗauke huɗu, ya bar Natan shi kaɗai. Ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa. Baba ya sassaƙa akwatunan da hannunsa, ya jera su a ɗakin ciyawa har bazara. Kullum da safe ta gefensu yake wucewa ya ba saniya abinci.

A wancan zamanin idan yaro ya rasu, sunansa ba ya bin sa kabari, na gaba ake ba. Haka kowa yake yi. Da Inna Hulda ta haifi mace, aka sa mata Keziya. Ba ta kai yaye ba. Da ta sake haihuwar wata macen, ungozomar da ta karɓi haihuwar ta ce ta ji Inna tana roƙo daga kan gado.

"Maigida, a canza mata. Sau biyu ke nan."

"Sunan uwata ne," in ji Baba. "Ba zai faɗi a hannuna ba."

"To ka duba ta tukuna. Ko duba ta ba ka yi ba."

Ya ce ya gan ta. Ranar Lahadi aka kai ta coci, aka yayyafa mata ruwa, aka kira ta Keziya. Wannan ce ta rayu. Bayanta aka haifi Silas, wanda ya zama mijina.

Na shigo gidan ina amarya, ita Keziya ta riga ta haura talatin. Doguwa ce, baƙin gashi, manyan hannuwa, ba ta da yawan magana. Ita ke tatsar shanu, ita ke kaɗi da saƙa, ita ke ɗora tukunyar wake tun Asabar don kada a kunna wuta ranar Lahadi. Natan, wanda bakinsa ba ya hutawa, Ta Uku yake ce mata.

"Ta Uku, yau ma waken ne? Wata rana sai mu tsiro."

"Yaya, kai da ka tsiro tun tuni, har furfura ta fito maka a kunne."

Silas kuwa Yaya yake ce mata, ni ma na bi shi. Na daɗe a gidan kafin in lura da yadda Baba ke kiranta. "Ke yarinya, miƙo gishiri." "Yarinyar nan ta rufe kaji?" Sunan da ya dage a kansa har sau uku, bai taɓa fitowa daga bakinsa zuwa gare ta ba. Ba ya yi mata faɗa, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Idan ya faɗi sunan, to labarin ta fari yake bayarwa: yadda take karatu, yadda take waƙa. Ita kuma tana tsaye tana kwashe kwanuka. Tun tana ƙarama aka ce ba ta da murya, don haka a coci leɓe kawai take motsawa.

Amma na sha ganinta idan ya buɗe baki zai kira ta. Takan dakata da abin da ke hannunta, kamar mai jiran jin tsayuwar keken doki a ƙofa. Sai ya ce "ke yarinya", ta ci gaba da aikinta.

An taɓa neman aurenta. Wani maƙeri ne, Abiya Kolbi, mutum mai ƙarar murya. Tun daga kan hanya yake kwaɗa mata kira, "Keziya! Keziya Bikford!" har kaji su watse. Silas ya ce duk ranar da ya yi haka, Baba yakan tashi ya bar abincinsa. Maƙerin zai tafi arewa inda ake raba sabbin filaye, ya ce ta zo su tafi. A wannan shekarar Inna Hulda ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, sai Yaya ba ta tafi ba. Na taɓa tambayar Yaya ko ta yi da-na-sani. Ta ce mutumin kirki ne, amma ba ya goge ƙafa idan zai shiga ɗaki. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ana cikin yaƙin rabuwa da Ingila garinmu ya cika shekara hamsin. An kawo mana sabon fasto, saurayi, ya ce zai yi wa'azi a kan magabata, ya ambaci kowane gida da zuriyarsa. Ya zo wurin Baba a lokacin kaka, muna matse tuffa. Baba ya haura tamanin, amma hankalinsa garau yake a lokacin. Suka zauna kan benci a bakin ƙofa, Natan yana gefe yana fere sanda.

"Baba, 'ya'ya nawa Allah ya ba ka?" in ji fasto.

Baba ya fara lanƙwasa yatsu. "Natan. Ga shi nan, har yau ba ya jin magana."

"Gado na yi," in ji Natan.

"Keziya, ta tafi a shekarar ciwo. Ebeneza, da Dorkas, da ƙaramin, su ma haka. Sai wata Keziyar, ba ta kai yaye ba. Sai Silas."

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan."

Yaya tana tsaye a kansu da tulun ruwan tuffa. Ta cika wa fasto kofi, ta goge bakin tulun da gefen zanenta, ta tambaye shi ko a ƙaro burodi.

Natan ya ajiye wuƙa. "Fasto, ka ƙara Keziya."

"Ai na sa biyu."

"Uku ne."

Fasto ya yi dariya. Tun ranar da ya iso aka gargaɗe shi cewa Natan Bikford ba ya magana sai da zolaya. Ita kuma ya ji ana ce mata Yaya a gidan, bai taɓa tambayar sunanta ba.

Ranar bikin coci ta cika maƙil. Da fasto ya iso kan sunayen gidanmu ya karanta Natan da Silas a cikin masu rai. Ya karanta Keziya biyu a cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya wuce gida na gaba. Tana zaune kusa da ni a gefen mata. Wasu suka waiwayo, wasu suka sunkuyar da kai. Baba yana gaba a kujerar dattawa, yana gyaɗa kai.

Da aka fito, maƙwabciyarmu Zilfa ta tare ta a bakin ƙofa. "Allah ya jiƙanki, Keziya. Ashe fatalwa ce ke ara mini yisti duk shekarun nan."

"To ki dawo mini da tukunyata," in ji Yaya, "tun ban fara zuwa miki a mafarki ba."

Aka kwashe da dariya. Fasto ya ji, ya zo fuska ja wur yana ba da haƙuri, ya ce zai gyara Lahadi mai zuwa. Ta ce kada ya damu kansa. A keken doki muna komawa, ni da ita muna baya, ta daɗe tana kallon ƙeyar Baba. Can ta ce mini a hankali, "Ni ba fasto ne ya dame ni ba."

Bayan hunturu biyu Baba ya kwanta. Lokacin tatsar ruwan sukari daga bishiyoyi ne, maza duk suna daji wurin itatuwa, sai ni da ita a gida, ni kuma da tsohon ciki. Wata hantsi tana shigowa da bokitin madara, muka ji muryarsa daga ɗaki, da ƙarfi kamar ta saurayi.

"Keziya!"

Ta ajiye bokitin a tsakiyar hanya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gyara ɗankwalinta. Na bi ta har bakin ƙofa.

Ya miƙo hannu ya kama nata. "Ina kika shiga? Ban ce ki daina fita ba mayafi ba? Ga sanyi, ga maƙogwaronki. Zo nan, 'yar ƙaramata. Ina littafinki?"

Ta tsaya. Ina bayanta, ban ga fuskarta ba, kafaɗunta kawai na gani. Mace mai shekara arba'in da 'yan kai, furfura ta fara fito mata. Na ɗauka za ta zare hannunta.

"Na'am, Baba," in ji ta. "Ga ni."

Daga ranar bai daina kiran sunan ba, safe da rana, ita kuma ba ta daina amsawa ba. Ya ce ta karanta Zabura, ta karanta. Ya ce ta yi masa waƙar da take yi masa a gona. Ba ta san ta ba, an yi waƙar tun ba a haife ta ba. Ta fita ta tambayi Natan. A karon farko a rayuwarsa bai yi zolaya ba, ya zauna kan gungume ya koya mata abin da yake iya tunawa. Ta koma ta rera. Ban ce muryar ta kai wadda ake faɗa ba, don ban ji waccan ba. Amma na bar wanke-wanke na tsaya.

Ana gab da ƙarshe ya farka wata la'asar idonsa tar, kamar hankalinsa ya dawo. Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi taga, ya ce, "Keziya, ina matar nan?"

"Wace mata, Baba?"

"Doguwar nan mai dafa mini wake. Kwana biyu ban gan ta ba. Tana da hannun aiki. Ita ta riƙe gidan nan, ban ji wanda ya taɓa gode mata ba. Idan ta zo ki ce na gode."

Yaya ta gyara masa bargo. "Zan faɗa mata. Wa zan ce, Baba? Yaya sunanta?"

Leɓensa ya yi ta motsi. Na ga yana nema da gaske. Sai ya girgiza kai.

"Ba mu samu mun raɗa mata ba," in ji shi. "Lokacin abubuwa sun yi mana yawa."

Ta ce ba komai, za ta gane. Ta ɗauki kwanon da ya sha kunu ta fita. Bai sake magana mai ma'ana ba har ya cika. Ƙasa ta riga ta saki, ba a jira ba aka binne shi.

Ban daɗe ba na sauka, na sami mace. Silas ya zo bakin gado da murnarsa. Yana so ya faranta wa yayarsa rai, don ya ga abin da ta yi wa Baba. Ya ce, "Yaya, mun yi shawara. Sunanki za mu sa mata."

Tana wanke jaririyar a gaban murhu, ba ta ɗago ba. "Wane sunan nawa?"

Ta naɗe jaririyar a zane.

"Ku nemo mata wanda ba a taɓa sawa ba," in ji ta. "Sabo fil, wanda ba kowa a cikinsa."

Muka bi zuriyar Bikford kaf, muka bi tawa, kowane suna da mai shi a ƙasa. A ƙarshe Zilfa ta kawo wani da ta taɓa ji a bakin wani mai tallan allura: Lusinda. Fasto ya ɓata rai, ya ce babu shi a Littafi Mai Tsarki. Natan ya ce to ai shi ya sa, Fasto, wannan ba za ka ƙirga ta sau biyu ba.

Yaya ce ta riƙe ta a coci. Yaya ta rayu ta ga auren Lusinda, ta ga 'ya'yanta, ta rasu a ɗakin da aka haife ta. A duk waɗannan shekarun ban taɓa jin mai kiran sunan yaro kamar ta ba. Ko yarinyar tana zaune a gabanta, ba aike ba komai, sai ka ji ta ce, "Lusinda." Yarinyar ta ce na'am. Sai ta ce babu komai, ci gaba da wasanki.