Girkin Inna a Cikin Mota

Shekarar da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, ina koyarwa a wata lakkol, wato makarantar boko, a Filinge, kuma gidan aurena ba shi da nisa da gidanmu. Kullum na tashi aiki sai na biya na gaishe shi. Nakan same shi a kan tabarma ƙarƙashin rumfa da rediyonsa, Inna tana gefe tana tsince wake. Ba mutum ne mai ƙorafi ba. Tela ne, ya yi rayuwarsa a bakin kasuwa, zama wuri ɗaya bai taɓa damunsa ba. Magana ɗaya ce ya riƙa maimaitawa, yana son ya ga yayarsa.

Goggo, yayar tasa, tana wani ƙauye kusa da Bonkuku, a ƙasar Imanan, inda ta yi aure tun kafin a haife ni. Ita ta goya Baba yana jariri, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, ba ta iya zuwa. Ga mai lafiya tafiyar ba wata tafiya ba ce, amma Baba ba ya jure zaman kujera, bayansa ba ya barinsa. Motar kasuwa kuwa ba a ma kawo zancenta ba.

Wana, babban ɗan Baba, makanike ne, garejinsa yana bakin hanyar Yamai. A lokacin akwai wata doguwar farar mota a wurinsa, irin wadda ake kwana a ciki. Wani mai aikin auna rijiyoyi ne ya kawo ta gyara, aikinsu ya tsaya, sai ya bar ta a hannun wana, ya ce ya riƙa tada ta yana zagayawa kada zama ya lalata ta. Wana ya kira shi ya gaya masa halin da Baba yake ciki. Mutumin ya ce a tafi da ita, Allah ya ba tsoho lafiya.

Ranar da ya kawo ta ƙofar gida, ni da Inna muka shiga kallo. Akwai gado a can baya, da tebur mai naɗewa, da ɗan firigo, da wurin wanke hannu. A sama da shi an kafe wani baƙin akwati mai ƙofar gilashi. Wana ya ce hur ne, kamar na masu burodi, amma na kuran, wato lantarki, kuma a ciki za mu dafa abincin Baba.

Inna ta buɗe, ta leƙa, ta sa hannu ta shafa faifan gilashin da ke ciki.

"Ina wutar take?"

"Babu wuta, Inna."

"To mi ka dahwa abincin?"

Wana ya yi mata bayani iyakar saninsa. Ya ce aiki biyu abin yake yi. In an danna nan, zafin yakan kama abincin kansa, kwanon da ya ɗauko shi ma bai cika yin zafi ba, amma ba a sa ƙarfe. In an danna can, wata ƴar fanka ce ke hura iska mai zafi, ta gasa abu kamar tanda, a nan kuwa ƙarfe ba laifi. Inna ba ta kiran sunan wana, ɗan fari ne, don haka ni ta juyo ta kalla.

"Ke, hwaɗa ma yaron ga ni da murhuna za ni."

Ta kuwa ɗauko murhun gawayinta da tukunya biyu. Wana bai hana ta ba, sai dai ya ce ba za a hura wuta a cikin mota ba, ko da tana tsaye.

Abin da ya sa zancen abinci ya zama babba shi ne lokotoro, likitan da ke duba shi, ya ce Baba kada ya sha magani sai ya ci abu mai ɗumi, mai laushi, marar gishiri sosai, kuma a kan lokaci. Inna ta tuƙa tuwon hatsi tun da safe, ta yi miyar kuka, muka zuba a firigo. Wana da maƙwabcinmu suka ɗauko Baba suka kwantar da shi a gadon, aka tokare shi da matasai. Lokacin haƙar dankali ne, rana ba ta da zafi sosai.

Wana ya riƙa tafiya a hankali saboda ramuka. Ba mu yi rabin hanya ba lokacin magani ya yi, sai ya sauka daga kwalta ya tsaya ƙarƙashin wani gawo. Ya fita ya tada ɗan gurup, injin wutar da ke bayan motar, domin batir kaɗai ba ya ɗaukar hur ɗin. Inna ta dubi buhun gawayinta, ta dubi Baba da ke jira, ta ga kafin wuta ta kama an daɗe. Sai ta yanki tuwo ta sa a kwanon silba na Baba, ta tura ciki ta rufe. Ni ma na manta da gargaɗin, na danna mata.

Sai ga walƙiya a cikin akwatin, tartsatsi shuɗi yana tashi daga bakin kwanon, ƙara ta cika motar. Inna ta yi salati ta ja da baya har ta zauna a ƙafar Baba. Wana ya shigo da gudu ya kashe. Babu abin da ya ƙone. Baba, wanda ya kwana biyu bai yi dariya ba, ya yi ta dariya har da tari.

"Kin ce ba shi da wuta," ya ce mata. "To ga ta nan kin gani."

"Malam, ba ni nac ce ba. Ɗanka yac ce."

Muka juye tuwon a wani ɗan kasko na ƙasa da ta zo da shi don jiƙa magani. Karon farko ya fito gefensa ya bushe kamar fata, tsakiyarsa da sanyi. Inna ta taɓa da yatsa. Ta sake yanko wani, ta gutsuttsura shi ƙanana, ta yayyafa ruwa, ta zuba miya a kai, ta kife da faranti. Ta ce in danna kaɗan. Da ya tsaya ta buɗe ta juya da cokali, ta ce in ƙara kaɗan. Wannan karon ya fito yana tururi, laushi lis, kamar ɗumamen safe. Baba ya cinye, ya sha maganinsa. Abin da ya ce kawai shi ne ba ya jin ƙanshin hayaƙi.

Daga nan Inna ta karɓe akwatin daga hannuna. Ba ta karatun boko, amma ta riƙe wuraren dannawa da ido, na hagu na ɗumame, na dama na gashi. Ta gano cewa kunu yakan taso ya zube in an cika kofi, kuma in an fitar da abu gara a bar shi ya ɗan huta kafin a kai baki, don zafin bai gama ratsa shi ba.

Mun isa ƙauyen bayan azahar. Lambunan dankali sun kewaye shi, mutane suna ta haƙa suna tarawa. Wana ya tsayar da motar dab da dangar gidan. Mun yi shawarar a sauko da Baba, amma Goggo ta aiko cewa kada a wahalar da shi, ita za ta zo. Surukarta, matar babban ɗanta, ta riƙo hannunta har bakin mota, muka taru muka hau da ita matakala biyun nan. Ta lalubi gadon ta zauna, ta lalubo fuskar Baba da tafin hannunta.

"Auta, kai na?"

"Ni na, Yaya."

"Ka tsuhwa."

"Ke kau kina nan yarinya."

Ba su yi kuka ba. Ta riƙe hannunsa, suka shiga gaisuwa, suna tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rasu a yi masa addu'a, wanda yake raye a tambayi ƴaƴansa. Muka fita muka bar su.

Kwana uku muka yi. Baba da wana suna kwana a mota, ni da Inna a cikin gida. Kowace safiya akan kawo Goggo, ta yini a gefen gadon. Mutanen gidan suna yi mana girki, Inna kuwa abincin Baba ne aikinta, kuma murhun gawayin bai fito daga inda aka ajiye shi ba. A rana ta biyu aka kawo mana kwandon sabon dankali da zabi biyu. Inna ta yayyanka dankalin, ta shafe shi da man gyaɗa da ɗan yaji, ta jera shi da naman a tiren ƙarfe, ta danna na dama. Ya ɗauki lokaci fiye da yadda muka zata, gurup yana ta kuka a waje, matan gidan sun cika ƙofar mota suna kallon tiren ta gilashi. Da ƙanshi ya tashi, surukar Goggo ta ce ita dai ba za ta yarda ya dahu ba sai ta ɗanɗana. Aka ba ta. Ta tauna, ta ce da Zabarmanci abin ya yi, mata suka kwashe da dariya. Goggo ta ci dankalin da aka murƙushe mata, ta ce a lambunsu aka haƙo shi amma ba ta taɓa cin irinsa ba.

Ranar da za mu koma, da hantsi, ina zaune a bakin ƙofa ina jin hirar Baba da Goggo. Sun koma zancen ƙuruciya, wata shekara da hatsi bai yi ba. Goggo ta ce mahaifiyarsu takan tuƙa ɗan tuwon da ya samu da dare, da safe ta kankare ƙanzon tukunya ta jiƙa musu, shi ne karin kumallo, shi ne na rana.

"Kai kake cinye mai kauri," ta ce. "Ni in sha ruwan."

"Ke kika ce ba ki son shi."

"Ƙarya nika yi maka, Auta."

Baba ya ce rabonsa da ƙanzo har ya manta, da za a samu da sun ci tare, a raba daidai. Na shiga gida na tambaya. Surukar Goggo ta ce ai tun da asuba aka wanke tukwane, ƙanzon an zuba wa awaki, sai dai a jira tuwon dare. Mu kuwa wana ya ce lalle mu kama hanya bayan azahar.

Na dawo na gaya wa Inna. Ta buɗe firigo, akwai sauran malmala ɗaya ta jiya. Ta jiƙa hannunta, ta shafe tuwon a tiren ƙarfe siriri, ta bi shi da bayan cokali har ya kwanta ko'ina. Ta tura ciki, ta danna na gashi, ta ja kujera ta zauna a gabansa. Sau uku tana buɗewa tana dubawa. Gefen ya fara ja, ya ɗago daga tiren, tsakiya ta biyo baya. Da ta fitar ta bar shi ya huce, ta ɓalle shi, ya karye ƙaras. Ta zuba a ƙwarya, ta sa ruwan ɗumi da ɗan nono, ta jira ya jiƙu, ta kai musu da ludayi biyu.

Goggo ta kai baki, ta juya shi a kan dasashinta.

"Wa yay yi wanga?"

"Ni ce, Yaya," in ji Inna.

"Bai kai na innarmu ba. Amma ƙanzo na."

Suka ci a ƙwarya ɗaya. Na ga Baba yana tura mata masu kaurin da ludayinsa zuwa gefenta, ita ba ta gani, tana ɗiba tana ci tana ba shi labarin wata akuya da suka taɓa yi. Inna ta juya baya tana goge tiren da ta riga ta goge.

Bayan azahar aka sauko da Goggo. Ta tsaya riƙe da danga, ta yi mana addu'a mai tsawo, ta ce wa wana ya yi tuƙi da hankali, kayan da ya ɗauko ba nasa ba ne shi kaɗai. Ita da Baba ba su sake ganin juna ba, ta rasu da damina ta gaba.

A hanyar komawa Baba ya ce a zuge masa labulen taga. Ya riƙa kallon gonaki da duwatsun da ke bin gefen kwarin, yana gaya mana inda ya taɓa bi da jaki yana saurayi, da rijiyar da suke tsayawa su sha ruwa. Wana yana amsa masa daga gaba. Kafin mu hango Filinge barci ya ɗauke shi, Inna ta ja mayafi ta rufe masa ƙafafu.