Zaitun a Shekarar Anza

Muna sallame asuba muka bar Gazawa, ni da maƙwabtana biyu, a bayan wani kamyo da ya sauke jar dawar taimako zai koma Maradi. Abin da ya fitar da ni iri ne. Damina biyu ruwa bai yi ba, mun cinye har geron da muka ware don shuka, gidana kuma anza muke ci, ƴaƴan itacen jejin nan masu ɗaci da sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan. Mai ɗakina ta ce in tafi wajen taubashina, ɗan kawuna, wanda ke yi wa wani Bagirke mai ginin rijiyoyi girki a kusa da Cadakori. Na amsa mata, amma raina bai so ba. Tare muka yi karatun allo da shi, bai kai izu biyar ba ya gudu.

Hanyar ba abin kallo sai abin istigfari. Daga Agiye zuwa Cadawa, mushen shanu ne dama da hagu. A kasuwar Agiye na ga Bafulatani yana roƙon a karɓi karsanarsa a ba shi tiyoyin gero kaɗan, mai geron yana kallon wani wuri. Jandarma ya tsayar da mu a shinge, ya leƙa, ya ga ba mu da abin da za a bincika sai ƙasusuwanmu, ya ɗaga hannu. A Maradi abokan tafiyata suka tsaya neman aikin dako, ni na hau motar Gidan Runji, na sauka a mararraba, na ƙarasa da ƙafa.

Wuyan taubashina na fara gani kafin fuskarsa. A shekarar da kowa ke ƙara ɗaure tazuge, shi har da ninki a ƙeya.

“Bawana, iska ce ta kawo ka? Riƙe ƙofar nan kada ta mayar da kai.”

Na ce masa ni ma ban gane shi ba, na zaci ragon layyar Bagirken ne.

Ya shigar da ni ɗakin ajiya. Ga garwar wani man girki kore-kore, ga buhun farin wake, ga busasshen burodin sha’ir mai taurin dutse da sai an tsoma a ruwa, ga wani farin cuku da suke kira feta kwance cikin ruwan gishiri. Ya ce maigidansa yana cikin azuminsu na Kirista, ba ya cin nama ko abin da ya fito daga nono sai sallarsu ta zo, shi ya sa cukun ya zama nasa kada ya lalace. A nan na gane asalin wuyan.

Sai ya buɗe wani gwangwani ya ce zaitun ne. Tun ina yaro nake karanta sunan itacen nan mai albarka, na rubuta shi a allo ba iyaka, na karantar da shi, ban taɓa ganinsa ba. Ga wanda ya gudu daga makaranta yana watsa shi a baki kamar gyaɗa yana tofar da ƙwallon. Na nemi tsari daga hassada, amma ba ta tafi ba.

Da azahar Bagirken ya dawo, dattijo ne gajere mai furfura, yana ɗan jin Hausa. Na tambaya ko akwai alade ko giya a abincin, aka ce babu. Aka kawo miyar wake da tumatir da albasa, da kwanon dafaffen ganye da aka kwarara wa mai aka matsa lemun tsami. Na duba ganyen da kyau, sai na ga zogale ne da rukuɓu, irin wanda matanmu ke tsinkowa don dole. Dattijon ya ce a ƙasarsu horta suke ce masa, shi ya raya su lokacin yunwar yaƙi yana yaro, har yau kuma ba ya gajiya da shi.

Na yi bisimilla na ɗauki zaitun. Gishiri, ɗaci, bauri. Dattijon ya ga fuskata ya yi dariya, ya ce ai wannan an gyara shi ke nan, ɗanyensa ko akuya tana tunani kafin ta ci, sai an jiƙa ana sauya ruwa. Ashe ɗan’uwan anza ne, sai dai shi ya samu mai.

Na kwana can ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Duk sanda na buɗe baki, sai in ga wuyan nan in rufe. Da safe ya rako ni bakin hanya hannu banza, har na hango ƙurar mota. Na tuna gonata da aka share tana jiran ruwa.

“Ɗan kawu, ba ni da iri,” na ce.

“Na sani tun jiya. Ka ce zaitun ya fi anza daɗi, in ba ka.”

“Albarka na karanta yana da ita. Ba inda na ga an ce yana da daɗi.”

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya koma bayan wata itaciyar bedi ya jawo ɗaurin gero da ya ɓoye tun da sassafe, da ƙaramar kwalbar mai a bakin ɗaurin.

Na iso Gazawa washegari da la’asar. Mai ɗakina ta rataye geron can sama inda hannunmu ba zai kai ba sai ruwa ya sauka, ta ɗiga man a kan anzar dare, yara suka siɗe kwanon. Tafiyar ta nuna mini cewa saura kaɗan baƙin cikin arzikin ɗan’uwana ya bar gonata ba shuka. Na gode wa Allah, na yi wa taubashina addu’a. Wuyan nan nasa dai har yanzu ina ganinsa in na rufe ido.