Orijina Ɗaya Tilo a Guangzhou

Shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, mu mazauna Guangzhou wahalar kawai muka samu. Wasan yana can Beijing, amma mu aka matsa wa da duba fasfo, biza ta yi wuya, kaya kuma a filin jirgin Baiyun sai an zazzage su kamar ana neman allura. Aikina a lokacin tafinta ne da rakiya. Ɗan kasuwa ya sauka daga Kano, in kai shi kasuwar Canaan, in yi masa ciniki da ɗan Sinancina na bakin shago, in haɗa masa kayansa. Da baƙi suka ɗauke ƙafa sai na koma zaman gidan abinci, ina kallon ƙarti suna iyo a talabijin.

Ana cikin haka Alhaji ya iso. Babban mai shadda ne a Kantin Kwari, kuma abin alfaharinsa a duniya guda ne: tun da ya shiga kasuwa ba a taɓa sayar masa da jabu ba. Yakan faɗi haka da safe, ya maimaita bayan azahar, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya yake faɗa. In ya kama shadda sai ya murza ta, ya shinshina, ya zare zare ɗaya ya ƙona da ashana, ya tsaya yana karanta tokar. Masu shaguna a Canaan da sun hango hularsa suke mayar da na bogi ƙarƙashin kanta.

Wannan karon ba shadda ce ta kawo shi ba. Yana da maigida, mutumin da ya ɗauke shi tun yana dakon dila, ya koya masa kasuwa, ya ba shi jari, ya yi masa aure. Kowa Baba yake ce masa. Baba ya tsufa, idonsa ya tafi gaba ɗaya. A samartakarsa ya yi wa wani Kwara direba a Fagge, kuma Kwaran yana da wata motar Amurka mai ƙofa biyu da dogon bonet, wadda in aka tayar da ita kajin unguwa sai sun watse. Kwaran ya koma ƙasarsu, mota ta bi gari. Yanzu Baba ba shi da hira sai tata. Wani ɗan Ghana mai aika kaya, da muke haɗuwa a Masallacin Huaisheng ran Juma'a, shi ya tsegunta cewa akwai irinta a wani sito a bayan gari. Alhaji ya ci alwashin kai wa Baba ita kafin babbar Sallah.

“Amma sai ta ainihi,” in ji shi. “Mutumin da ya koya min gane jabu ba zan kai masa jabu ba.”

Na ce, “Alhaji, ka san mota kuwa?”

Ya ce, “Kaya kaya ne.”

Mai siton, wanda muke kira laoban kamar yadda ake kiran kowane mai shago a can, wani gajere ne mai fara'a. Ya ba mu shayi a kofunan nan nasu da ba sa kai maƙogwaro, sannan ya yaye tamfol a hankali. Da ja ce motar, amma ta koɗe ta koma kalar ruwan goro. Kujerun sun tsage, gindin ƙofa ya yi tsatsa. Laoban ya haska fitila ya nuna mana wata lamba a jikin inji, ya nuna wata a gindin gilashin gaba, ya ce in gaya wa Alhaji lambobin sun dace, ma'ana injin da aka haife ta da shi ne a ciki, kuma wannan shi ne darajarta.

Alhaji ya yi dariya har da tafi. “Gaya masa jiya na ga inda ake buga tambarin Jamus a bakin shadda, a wani lungu bayan Canaan. Garin da ake buga wannan, lamba ce za ta gagare su?”

Ban gaya masa ba. Tafinta da yake fassara komai ba ya daɗewa a sana'a.

Sai Alhaji ya tattare babbar riga ya shiga aiki irin nasa. Ya lashi yatsa ya goga a fenti ya duba ko yana zuba. Ya ƙwanƙwasa ƙofa da zobensa ya kasa kunne. Ya cusa hanci cikin kujera ya ja numfashi, ya fito yana atishawa. Kafin in ankara ya zare zare daga dardumar ƙasa ya ƙyasta ashana, a cikin sito, kusa da jarkokin fetur. Laoban ya yi tsalle ya hure wutar, yana faɗin maganganun da su ma ban fassara ba.

Alhaji ya kaɗe hannu ya ce, “Saura gwajin ƙarshe. Ce masa guda ashirin nake so. Goma farare, goma koraye.”

Wanda bai yi kasuwa a Guangzhou ba ba zai gane hikimar ba. A garin nan ba a cewa babu. Ka cire takalminka ka nuna wa mutum, zai tambaye ka guda nawa, wace kala, yaushe jirginka. Duk abin da aka ce za a iya ƙaro maka, to a bayan gida ake yin sa.

Na fassara. Laoban ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce, “Meyo.” Wato babu.

“To biyar.”

“Meyo.”

“Ce masa ko biyu ne, ɗaya ta surukina. Zan jira.”

Fuskar laoban ta yi ja. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya kai har hancin Alhaji, yana ta meyo, meyo. Alhaji ya juyo gare ni bakinsa har kunne.

“Orijina ce,” ya ce. “Shekara nawa ina zuwa garin nan, yau na fara jin babu.”

Daga nan aka tayar da ita. Ni dai na ji ƙarar a ƙirjina kafin kunnena. Kwanon rufin siton ya ɗauki rawa, karen maigadi ya fita da gudu bai waiwayo ba. Alhaji ya toshe kunne ɗaya, ya buga waya Kano, ya ce a ba Baba, ya miƙa wayar wajen bayan motar. Can ya buɗe muryar wayar don mu ji. Sai muka ji tsohon ya ce, “Ita ce. Wallahi ita ce. Ku ƙara taka ta.” Aka taka. Ya yi ta dariya kamar yaron da aka ba sabon keke, yana cewa a ƙara. Ni kam sai da na share ido, kuma na ga Alhaji ma yana goge nasa da hannun riga.

Nan take aka yi ciniki, Alhaji ya biya. A hanyar komawa ya ce min, “Ka ji ikon Allah? Duk da salansar ta fashe ya gane ta.”

Washegari bizata ta tilasta min fita Hong Kong sabuntawa. Abin da a da ake yi a wuni, saboda Olamfik sai ya ja kwanaki. Da na dawo, Alhaji bai bari na ajiye jaka ba, ya ja ni wani gareji yana ta murmushi.

Na tsaya ina neman motar, alhali tana gabana. Fara fat, tana walƙiya kamar sabon firji. Kujeru sababbi, ledarsu ma ba a cire ba. Baƙin gilashi, na'urar sanyi, rediyo mai allo, har da ɗan turare a rataye. Alhaji ya murɗa makulli. Sai da na sa hannu a bonet na tabbatar ta tashi.

“Injin Japan,” in ji shi. “Sabo dal. Wancan kuwa shan mai yake kamar an huda tanki.”

“Tsohon injin fa, Alhaji?”

“Laoban mutumin kirki ne. Shi ya zo da kansa ya kwashe tarkacen duka, inji da kujeru da wancan ƙarfen mai lamba, ko ladan ɗauka bai nema ba.”

Raina ya ɓaci, na kasa haɗiyewa. Na ce, “Alhaji, abu ɗaya tak na ainihi muka taɓa samu a garin nan, shi ne ka sa aka yi maka jabunsa a jikinsa?”

Ya dube ni da tausayi. A wajensa ni ne ban san girma ba. A Kwari ba a kai wa babba shadda sai an kai ta bugu, an naɗe, an sa a sabuwar leda. Ya za a yi a sauke wa maigidansa mota mai tsatsa da ihu a gaban maƙwabta, a ce abin da yaronsa ya iya kawowa daga China ke nan?

“Kai tafinta ne, ba bakanike ba,” ya ce. “Gani ya kori ji.”

Na ce, “Baba ai ba ya gani.”

“Mutane za su gani su gaya masa.”

Aikin gama ya gama, aka sa ta a kwantena.

Na je gida babbar Sallah, don haka ina wurin ranar da aka kai ta. Unguwa ta cika, kowa yana sa albarka. Aka riƙo hannun Baba aka fito da shi cikin farar shadda. Ya shafa bonet tun daga gaba har gilashi, yana gyaɗa kai, domin tsawon dai nata ne. Aka zaunar da shi a gaba, ledar kujera tana ƙara. Ya kama sitiyari, ya gyara zama, ya karkata kai gefe.

“To, ku tayar da ita.”

Alhaji ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, “Ai a tashe take, Baba.”

Baba ya daɗe yana saurare. Babu abin da ake ji sai hucin na'urar sanyi da surutun yara. Sannan ya lalubo kan Alhaji ya dafa.

“Allah ya yi maka albarka. An ce ta yi kyau ƙwarai.” Ya rage murya don kada jama'a su ji. “Kada ka sa wa ranka damuwa don ba ka samu waccan ta waya ba. Na san irinta ba a sakin ta da sauƙi. Kowane ɗan kasuwa akwai ranar da ake yi masa musanya.”

Alhaji ya miƙe, ya ja ni bayan gida inda ake ɗaure raguna, ya danna lambar China, ya miƙo min wayar. Ya ce in ce wa laoban injin kawai yake so, ko a jirgin sama ne a turo.

Laoban ya gane muryata, ya gaishe ni da fara'arsa. Na yi masa bayani, na ƙara da abin da Alhaji bai ce in faɗa ba, cewa tsohon makaho ne kuma ƙarar yake jira. Ya ba da amsa a taƙaice. Alhaji bai jira fassara ba, don kalmar ya san ta.

“Meyo,” in ji laoban.