Rabona na Nono

A gidanmu na Taloka nono na maza ne, haka munka taras. 'Yan shanunmu suna hannun wani Bafulatani wajen Giyawa, matarsa ke kawo ƙwarya guda da hantsi. A dama fura da shi a kai zaure, mu 'yan'uwa maza mu zauna da ludayi guda muna miƙa ma juna, babban wanmu ke farawa. Abin da ya saura a gindin ƙwarya a cika shi da ruwa a kaɗa ma yara. Ban taɓa ganin laifin haka ba sai kan ɗiyata ta uku.

Tana shekara takwas ta faɗi da kwandon albasa a kai, tsakanin fadama da bakin hanya, hannu ya karye. Munka kai ta wurin maɗori ya ɗaure da karare, ya warke. Da rani ya zagayo sai ɗayan hannun, shi kuma tuntuɓe kawai ta yi da dokin ƙofa. Maɗorin tsoho ne, ba ya yawan magana. Ya lallatsa ƙwaurinta, ya ce in duba yadda ƙafar ta fara lanƙwasa, shi ɗori ya iya, bai iya sa ƙashi ya yi ƙwari ba.

Na ɗora ta a babur sai asibiti a Goronyo. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambaye ni abin da take ci. Na ce tuwo da miyar kuka, safe da dare, kamar kowa. Ta ce ƙashin yaro yanzu ake gina shi, kafin ya balaga, in lokacin ya wuce ya wuce. A ba ta nono kullum, da ƙananan kifin madatsar ruwa a daka da ƙayarsu a miya, a bar ta ta yi guje-guje a waje, a daina aza mata kaya mai nauyi. Ni ban yi boko ba, amma wagga magana ba ta buƙatar boko.

Kifi ba wuya, kwando kuma na hana. Nono ne rigima.

Washegari na shiga zaure da ɗan ƙoƙo a hannu. Da ludayi ya zo kaina, maimakon baki sai na juye a ƙoƙon. Ya sake zagayowa na sake juyewa. Wana ya bi hannuna da ido.

"Mi kaka yi haka?"

"Rabona na, Yaya. Yarinya zan kai ma."

Ya yi dariya, ya ce yaushe na zama uwar goyo, ko in nemo zane in ɗaura. Sauran sunka taya shi. Ya ce dukanmu da ruwan gindin ƙwarya munka tashi, ga mu nan muna ɗaukar buhu. Sai na naɗe wando har gwiwa na miƙe tsaye, na ce ya dubi abin da ruwan ya gina. Ƙafafuna kamar baka suke, gwiwa kuma ba ta bari in yi sujada sai na dafa ƙasa. Nasa ma haka suke, ya sani, shi ya sa bai duba ba.

Dariya ta ƙare. Ya ce tun kakanni ba a taɓa raba ƙwaryar zaure ba, in kowa ya zo da ƙoƙonsa gida ya watse ke nan. Wanda ya raba ta, ba shi ba zama kanta.

"To a auna min nawa tun a cikin gida," na ce, na fito.

Innarmu ta kira ni ta yi faɗa, ta ce na kunyata babba gaban ƙannensa. Na durƙusa na saurara har ta gama, amma ban fasa ba.

Tun ranar a ƙofar ɗakina nike zama da hantsi. Yarinya ta sha nono, ni in sha farau-farau. Zaman ba daɗi, ina jiyo hirarsu ta katanga, shawarar gona ma sai dai in ji an yanke. Ƙafarta ba ta miƙe sarai ba, ba zan yi ƙarya ba, amma tana tsalle da sa'o'inta, kuma ba mu sake zuwa wurin maɗori ba.

Kwanan baya wana ya aiko ƙanenmu, wai in dawo zaure, abin ya isa haka. Na ce ya gaya ma Yaya ina gaishe shi, amma yarinya ba ta gama girma ba, kuma akwai ƙanenta a baya.