Ƙafar Gwadabe Mai Yasar Kwata

Ranar Talata, takwas ga watan Yuni 1999, kwana goma da komawar sojoji bariki, Malam Gwadabe ya fara haɗuwa da Malama Sa'ida, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a wani asibiti na cikin birni. Shekararsa hamsin da huɗu, talatin daga ciki ya yi su yana yasar kwatocin unguwar Ƙofar Mazugal masu gangarawa rafin Jakara. Gyambo ne ya kai shi. Fasasshiyar kwalba ta yanke shi a ƙafar hagu yana cikin kwata, ya buɗe kafso ja-da-yalo ya barbaɗa kamar yadda kowa ke yi. Wata huɗu ciwon sai ƙara ci yake.

Sa'ida ta ɗebi mugunyar ta gwada ta da magani bakwai. Shida ko gezau ƙwayar cutar ba ta yi musu ba. Likita ya ce idan na bakwai ya gaza, sai dai a yanke ƙafar.

"Baba, a ina kake aiki?" in ji Sa'ida.

"Inda kowa yake toshe hanci, 'yata."

Ta sa aka ɗebo mata ruwan kwatar a kwalba, ta sami irin waɗannan ƙwayoyin a ciki. Ta zauna a gefen gadonsa ta yi masa bayani: idan ana zuba magani kaɗan-kaɗan a ruwa, ba ya kashe ƙwayoyin duka, waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai. Kuma ba sa rowar wannan taurin kan, miƙa wa juna suke yi a cikin ruwan, har ga waɗanda ba danginsu ba. Daga kwata sai Jakara, daga Jakara sai lambunan latas.

"Ko ƙafar ta warke," in ji ta, "in ka koma ruwan nan a yadda yake, za ka dawo mana, kuma ba mu da na takwas. Daga wane gida maganin yake fitowa?"

Gwadabe ya sani sarai. Mai yasa yana ganin cikin kowane gida ta bakin kwatarsa: gidan da aka daina dafa nama, da gidan da ake jinya a ɓoye. Amma tun ranar da mahaifinsa ya miƙa masa shebur ya gaya masa cewa abin da aka gani a kwata, a kwata ake barinsa.

"Malama," ya ce, "shebur ba ya magana."

Gidan kuwa na taubashiyarsa ne, Hajiya 'Yardada, mai kiwon ragunan layya goma sha huɗu. Kullum da safe sai ta fasa musu kafso a ruwan dusa, wai don su yi ƙiba, sannan ta wanke garken ta kora waje. Matan unguwa a wurinta suka koya. Ragowar maganin yara ma a kwata suke juyewa, don kada wani ɗa ya ɗauka ya sha.

Magani na bakwai allura ce ta kwana goma sha huɗu. A kwana na tara ciwon ya fara bushewa. Ranar da aka sallame shi bai wuce gida ba, ya dogara sanda ya yi sallama a gidan 'Yardada.

"Sarkin Kwata! Yau kuma ta ƙofa aka shigo?" in ji ta tana dariya.

"Na zo gaida ragunan da suka fi ni samun magani."

"Ai su suna da ranar amfani."

Ya zauna a kan turmi, ya warware bandejin a hankali, ya miƙe ƙafar a gabanta. Dariyar ta tsaya. Ya maimaita mata abin da Sa'ida ta ce, bai ƙara ba bai rage ba. Ta daɗe tana duban ramin da ya rage a ƙwaurinsa.

"Wa ka gaya wa?"

"Ke kaɗai."

"To rufe, kada ka hana ni cin tuwo."

Bayan sati biyu, a wani taron suna, ita da bakinta ta gaya wa matan unguwa, ta fara da kanta. Aka ajiye gwangwani a zauren mai unguwa, duk mai ragowar magani ya kai can, Sa'ida tana kwashewa duk ƙarshen wata a ƙone a asibiti. Raguna ba a ba su kafso sai malamin dabbobi ya duba. Sabon kansila, da matan suka tare shi a ƙofar gida, ya kawo dogayen takalman roba ƙafa shida na masu yasa.

Sa'ida ta ci gaba da gwada ruwan sau huɗu a shekara. A shekara ta uku ƙwayoyi masu taurin kai sun ragu a kwatar 'Yardada. A Jakara ba su ragu ba, don kwatoci da yawa ne ke zuba a cikinta, sai dai unguwanni biyu na maƙwabta sun ajiye nasu gwangwanin.

Gwadabe ya koma aiki a watan Oktoba na 1999, ya ajiye shebur a 2007. Bai taɓa faɗa wa Sa'ida sunan gidan ba, 'Yardada ce ta je ta gabatar da kanta. Yana nan a Ƙofar Mazugal da ƙafafunsa biyu, ta hagun tana ɗan ɗingishi.